Littafin aiki: haɗa akwatin kafinta daga gwanjon gidaje a Ohio

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Aikin da muka sa a gaba shi ne haɗa cikakken akwatin kayan kafinta na hannu daga tsofaffin kayan da ake sayarwa a gidaje a yammacin jihar Ohio ta Amurka, ba tare da kuɗin ya haura dala 200 ba, har da kuɗin gyara. Abin da ake nema: filen biyu na fere katako, zarto biyu, cizal huɗu ko biyar, mahuji na hannu da bakunansa, sukwaya, dutsen washi, da bayis na kan teburi, wato matsin ƙarfe mai riƙe katako. Kayan aiki muke nema, waɗanda za su ci katako, ba na jerawa a kanta ba.

Gwanjon iri biyu ne, kuma dabararsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne na ƙofar gida: mai gida ya fito da abin da ya gaji da shi ya baza a tsakar ciyawa ko bakin gareji, galibi safiyar Juma'a da Asabar, daga bazara zuwa kaka. A nan farashi a bakin mai kaya yake, kuma ana tayi. Na biyu shi ne gwanjon kayan gida gaba ɗaya, wanda ake yi idan mai gida ya rasu ko zai koma ƙaramin wuri. Yawanci kamfani ake ɗauka ya sa wa kowane abu farashi, ya buɗe gidan kwana biyu ko uku, ya karɓi kasonsa. Ranar farko ba a cika ragi ba; ranar ƙarshe ana yawan raba farashi biyu. Tsofaffin kayan kirki a irin wannan gwanjon suka fi fitowa, domin mutumin da ya yi shekara hamsin yana aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ya fitar da filen ɗinsa da ransa.

Ana duba hotunan gwanjo tun daren Laraba a shafukan intanet na EstateSales.net da Craigslist da Facebook. Teburin aiki mai bayis, ko bangon da aka rataye zarto, ko gwangwanayen kofi cike da ƙusa, sun isa alama. Abin da ake riƙewa a aljihu: tocila ƙarama, ƙarfen awo miƙaƙƙe na inci shida, sukurudireba mai faɗin baki, tsumma, da canjin dala ɗaiɗai da biyar-biyar.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Gwanjon gida gaba ɗaya, ranar farko. Ana rubuta suna a takarda a bakin ƙofa, ana shigar da mutane rukuni-rukuni, don haka wanda ya makara sai ya tarar dillalai sun share teburin. Da an shiga, a wuce falo da kicin, a nufi ƙarƙashin ƙasa da gareji.

An samu filen Stanley Bailey lamba 5, dala 18. Tsawonsa inci 14, faɗin wuƙarsa inci 2. Kafin a biya, ga abin da aka bi, kuma wannan tsarin za a riƙa bi ga kowane filen.

A fara da jikin. Ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake idan ya faɗi a siminti. Wurare biyu ya fi tsagewa: kusurwoyin bakin da wuƙa ke leƙowa, da kumatun gefe biyu inda suka fi tsayi. A goge da tsumma, a haska tocila a karkace. Layi siriri kamar gashi da ya tashi daga kusurwar baki ya isa a ajiye filen, ko nawa aka sa masa. Idan an ga ɗigon rawaya a kumatu, an taɓa like shi da tagulla, kuma zafin likin kan karkatar da tafin.

Sai kujerar wuƙa, wato ƙarfen da wuƙar ke kwanciya a kai. A tabbatar sandar karkata wuƙa hagu da dama tana nan, cokalin da ke tura wuƙa gaba bai karye ba, wilin tagulla yana juyawa. Rashin sukuru ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a nan: Stanley ya yi amfani da tiredi na kansa, irin 12-20 a sandunan mariƙi, wanda ba a samu a shagon kayan gini. Sukurun da ya ɓace sai an sayi wani mataccen filen an ciro.

Shekarunsa a jikinsa suke. Bayan kujerar wannan an zuba kwanan wata uku na rajistar ƙira, biyu na 1902, ɗaya na 1910: MAR-25-02, AUG-19-02 da APR-19-10. Mariƙin gaba gajere ne, wilin tagulla ƙarami. Wannan haɗin na ƙirar 1910 zuwa 1918 ne. Da mariƙin dogo ne, wilin kuma babba, da ya zama na 1919 zuwa 1924. Kwanan wata ɗaya tak yana nuna tsakiyar shekarun 1920 zuwa 1930. Na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ana gane su da wili na baƙar roba ko na ƙarfe maimakon tagulla, da jiki mai kauri. A ganinmu duk waɗannan suna aiki da kyau idan an gyara su. Wanda ba mu ɗauka shi ne mai tambarin Handyman, wata ƙirar Stanley mai araha, domin kujerarsa ba ta zama daram.

Aibinsa: tsatsa ta rufe tafi da kumatu, mariƙin baya ya tsage gida biyu daga tsakiya, ɗigon farin fenti ko'ina. Duk abin gyarawa ne.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Gida ɗaya, ranar ƙarshe, rabin farashi. Filen da cizal duk sun tafi tun Juma'a, amma mahuji ba mai waiwayarsa. Mahujin Millers Falls mai gwiwa, zagayen inci 10, dala 6. An buɗe bakinsa: muƙamuƙai biyu suna nan da ƙarfen da ke buɗa su, kuma makullin juyi yana kamawa ta hagu da ta dama. Bakunan Irwin a akwatinsu na katako, dala 10. Cikakken jeri goma sha uku ne, daga lamba 4 zuwa 16, a nan lamba 7 da 13 sun ɓace. Lambar tana nufin kaso goma sha shida na inci, wato lamba 8 rabin inci ce. Dutsen washi mai fuska biyu, baƙi ƙirin da tsohon mai, dala 3.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kwance filen da cire tsatsa. An ɗiga man kwance noti a kan kowane sukuru tun jiya. Sukurudireba dole ya cika tsagar kan sukurun, in ba haka ba kan tagulla zai tauna. Kowane ƙaramin abu a kofi guda, tagulla daban, ƙarfe daban.

An gwada hanya uku a kan wasu ruɓaɓɓun ƙarafa kafin a taɓa filen ɗin.

Ruwan khal, wato binega, yana cire tsatsa, amma ba ya tsayawa a kanta. Ƙarfen da ya kwana biyu a ciki ya fito toka-toka, fuskarsa ta yi kaushi, domin tsamin ya fara cin lafiyayyen ƙarfe. Idan za a yi da shi, kada a wuce dare ɗaya, a ɗauraye da ruwan bekin soda, a busar nan take, a shafa mai. Jiƙaƙƙen ƙarfen da aka bari a iska kafin rabin sa'a ya sake yin ja. Kuma ba a haɗa tagulla da ƙarfe a kwano ɗaya.

Hanyar lantarki ta fi dacewa da jikin filen. Bokitin roba, ruwa galan huɗu, sodar wanki cokali babba ɗaya ga kowane galan. Sodiyam kabonet ake nufi, ba soda mai ƙuna ta haɗa sabulu ba. A rataya jikin filen a tsakiya da wayar ƙarfe, a jera guntayen rodi a gefen bokiti ba tare da sun taɓa shi ba. Baƙar wayar cajar batirin mota a jikin filen, jar waya a rodi. Idan aka juya su, filen ne zai narke, rodin ya yi tas. Ba a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi, domin yana sakin guba a ruwan. Kumfar da ke tashi iska ce mai kama wuta, saboda haka a waje ake yi. Sabuwar caja mai kwakwalwa sau da yawa ba ta tashi, don ba ta ga batiri ba. Tsohuwa mai allura ake so, kuma ita ma a gwanjo ake samunta. Sa'a goma sha biyu ta isa. Baƙin dattin da ya rage buroshi ke fitar da shi. Baƙin fentin cikin filen ya ɓantare a wuraren da tsatsa ta riga ta shiga ƙarƙashinsa, sauran ya zauna. Kusan kashi uku cikin huɗu ya tsira, kuma ba za a sake fentin ba.

Ga wuƙa da murfinta da ƙananan sukurori, gogewa da samfefa da ɗan mai ta wadatar.

Mariƙin baya na itacen rozwud ne, mai maiƙo, gam ɗin katako ba ya kama shi sosai. An kankare tsohon gam daga fuskokin biyu, an goge da asiton, an haɗa da efoksi mai haɗi biyu. Matsewar ita ce wahala, domin mariƙin a karkace yake, matsi yana zamewa. Sandarsa ta asali aka shafa wa kaki, aka zura, aka ɗaure a jikin filen, ta zama ita ce matsin. Kakin ne ke hana gam kama sandar. Yawancin mariƙan nan sun karye ne saboda sandar ta yi sako-sako an ci gaba da aiki. Idan itacen ya ƙanƙance har noti ba ya matsewa, a rage tsawon sandar kaɗan da magagari.

Asabar, 10 ga Mayu

Gwanjon unguwa, gidaje da yawa rana ɗaya. Zarto ya fi kowane kaya araha a ƙofar gida, don kowa yana ganin tsatsa ya wuce. An ɗauki biyu a dala 8, bayan an haɗa su an yi tayi ɗaya. Haɗa kaya a taya gaba ɗaya ya fi tasiri a kan tsayawa ana jan dala ɗaya a kan abu guda.

Dukansu Disston ne, ƙirar D-8, inci 26. Henry Disston ya kafa kamfanin a Filadelfiya a 1840, kuma iyalinsa suka sayar da shi a 1955; waɗanda aka yi kafin sayarwar su ake nema. Babban notin tagulla da ke jikin mariƙi yana ba da shekaru: wanda aka rubuta PHILADA ya girmi 1917, mai PHILA ya biyo baya, mai USA kuma daga shekarun 1940 ne. Ɗaya daga cikin namu PHILADA ne, mai mariƙin itacen tuffa da ramin babban yatsa, an buga 5½ a gindin ruwansa, wato yawan tsinin haƙora a inci ɗaya: zarton tsaga ne, mai bin tsawon katako. Ɗayan an buga 8, na yanke katako ta faɗinsa.

Gwajin zarto a ido yake. A ɗaga shi, a sa mariƙi kusa da fuska, a bi layin haƙora da kallo har ƙarshe. Lanƙwasa mai laushi, wadda ta bi tsawon ruwan, tana miƙewa da hannu. Karyewar gwiwa a wuri ɗaya, inda zarto ya taɓa maƙalewa aka danna da ƙarfi, aikin maƙera ne da guduma da uwar maƙera, kuma ba kowa ke iya fitar da ita ba. Irin wannan a bar shi. Haƙori ɗaya ko biyu da suka karye ba komai, washi zai dawo da su a hankali. Tsatsar da ta yi ramuka a bakin haƙora ita ce matsala, domin duk haƙorin da ya faɗa kan rami zai gutsure. A duba faɗin ruwan kuma: idan ƙarshensa ya tsuke kamar takobi, ko lambar gindi ta shafe, an ci rabin ransa da magagari. Sabon zarto mai baƙaƙen haƙora da aka ƙona da lantarki ba ya wasuwa, ko kyauta ne ba shi da amfani a wannan aikin.

Wanke ruwan zarto ba a bokiti ake yi ba. A tsakiyarsa akwai zanen tambarin kamfani mara zurfi, wanda tsami ko injin buroshi ke shafewa. A cire mariƙi, a soka kowane noti a kwali bisa jerin ramukansa, don ba lallai su yi musaya ba. A kwantar da ruwan a kan allo, a kankare tsatsa da reza a kwance, sannan samfefa mai lamba 220 da 400 (babbar lamba ta fi laushi) a naɗe a guntun katako mai faɗi, da ɗan kananzir, ana bin tsawo kawai. Katakon ne ke sa samfefa ta bi sama ba ta shiga cikin zanen ba. Da yatsa aka yi, zanen ya tafi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Daidaita tafin filen. Samfefa 80 a manne a kan gilashi mai kauri. Filen a haɗe yake, wuƙa a ciki amma an ja ta baya, makullin da ke danne wuƙa a ɗaure, domin matsin makullin yana ɗan lanƙwasa jikin. Idan aka goge shi a warware, da an haɗa sai ya sauya. An ja layuka da alƙalamin maka a tafin, aka yi ta turawa. Ba a buƙatar tafin duka ya yi fari. Wurare uku ne dole su hau layi ɗaya: goshi, gaban baki, da diddige. Gaban baki ne ya fi lotsawa, shi ne kuma mafi muhimmanci, don shi ke danne katako kafin wuƙa ta ɗaga shi. Minti arba'in a kan 80, sannan 120 da 220, sai kaki.

Wuƙa: an goge inci ɗaya na bayanta har ya yi sheƙi, an wasa baki a digiri 25, an ƙara siririn baki a 30. Da aka gwada a kan katakon fayin, ɓawon ya riƙa cushewa a baki bayan turi uku ko huɗu. Da aka ɗaga wuƙa da murfinta a haske, sai ga siririn haske yana ratsa tsakaninsu a gefe ɗaya. Nan ɓawon ke shiga ya toshe. An goge leɓen murfin a kan dutse, jelarsa tana ƙasa da fuskar dutsen, don gaban leɓen ya zama shi ke fara taɓa wuƙa. Aka mayar da shi kimanin milimita ɗaya daga bakin wuƙa. Cushewa ta daina, ɓawo yana fita cikakken faɗi.

Dutsen washin ya kwana a kananzir, an daidaita fuskarsa a kan samfefa. Ya fito ruwan lemo a gefe ɗaya, irin India na kamfanin Norton.

Asabar, 7 ga Yuni

Cizal huɗu a gwangwani, dala 12: Stanley 750 biyu, Buck Brothers ɗaya, Witherby ɗaya, daga rubu'in inci zuwa inci ɗaya. Duk masu kwaroron ƙarfe ne da ake cusa mariƙi a ciki. Biyu ba su da mariƙi, kuma wannan ba ya rage musu daraja, ana feƙe sabo.

Bayan cizal ake dubawa, ba gabansa ba. Gaba ana wasa shi ya koma sabo, amma ramin tsatsa a baya kusa da baki yana nufin kullum bakin zai fito da giɓi, sai an cinye ƙarfe har an wuce ramin. An ajiye wasu uku: ɗaya an yi ta dukan kwaroronsa da guduma ba mariƙi har ya baje ya tsage, ɗaya bakinsa ya yi shuɗi saboda an ƙona shi a injin washi, taurinsa ya tafi, ɗaya kuma an buɗe gwangwanin fenti da shi har ya lanƙwashe.

A gida na gaba, sukwayar Starrett mai zamewa, inci 12, dala 15. An gwada ta a wurin: a jingina da miƙaƙƙen gefen allo a ja layi, a juya ta a ja wani daga wuri ɗaya. Layukan sun hau juna. Na'urar karkata haƙoran zarto, Stanley 42X, dala 4.

Abin da aka bari da gangan. Tsofaffin magagarai, domin magagarin da ya yi shekaru yana gogayya da 'yan'uwansa a aljihun teburi ya dakushe. Filen na katako mai ƙananan ramukan ƙwaro da gari yana zuba. Akwatin ƙarfe mai ɓarewar fenti, don fentin da ya girmi 1978 a Amurka yana iya ƙunsar dalma, ba a kankare shi a bushe. Sai tsohon injin huji mai jikin alminiyam da filogi mai ƙafa biyu: wayarsa ta bushe ta tsattsage, ba shi da wayar ƙasa, idan ta ciki ta taɓa jiki mai riƙe da shi ne hanyar wuta. Wanda ke tunanin aika irin wannan injin gida ya tuna na wutar bolt 120 ne, alhali wutar Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce.

Asabar, 28 ga Yuni

Wasa zarton tsaga. Magagarai masu kusurwa uku sababbi aka saya: inci 7 ga mai haƙora 5½, inci 6 siriri ga mai 8. An matse ruwan tsakanin katako biyu, haƙora sun leƙo kaɗan. Idan suka leƙo da yawa ruwan yana rawa yana ƙara, magagari ba ya ci. Da farko an bi kan haƙora da magagari mai faɗi sau uku, har kowane haƙori ya sami ɗan farin tabo a kansa. Sannan magagari mai kusurwa uku a kowane kwari, a miƙe yake ratsa ruwan, ana turi har tabon ya ɓace, ba a ƙara ko ɗaya. Mai babban tabo shi ne dogon haƙori, shi ke shan turi da yawa.

Wajen karkata haƙora, saman haƙori kawai ake lanƙwasawa, kuma kowanne ya bi gefen da yake tun asali. Mayar da shi ɗaya gefen yana karya shi, musamman a tsohon ƙarfe mai tauri. A gwajin farko zarton ya riƙa jan dama. Dalili shi ne haƙoran dama sun fi fita. An kwantar da shi, an bi gefen dama da dutsen washi sau biyu a hankali, ya koma bin layi. Zarton yanka yana jira, domin shi sai an karkata magagari kimanin digiri 20, ana tsallake haƙori ɗaya-ɗaya, a juya a yi ɗaya gefen.

Bakunan mahuji: tara suna da kyau, biyu ba su yi ba. Lamba 10 sukurun hancinsa ya tauna, ba ya jan kansa cikin katako. Lamba 6 wani ya wasa kunnuwansa ta waje, don haka ramin da yake yankawa ya fi jikinsa ƙanƙanta, yana shiga inci ɗaya sai ya maƙale. Ta ciki kaɗai ake wasa kunne.

Lahadi, 20 ga Yuli

Lissafi ya zuwa yau: kayan aiki dala 76, magagarai da samfefa da gam da soda dala 35. Saura dala 89.

Abin da bai samu ba: filen lamba 4 na sumulcewa, bakunan mahuji lamba 6, 7, 10 da 13, da bayis. Filen lamba 7 mai inci 22 ba ya cikin jerin farko, amma idan ya faɗo ƙasa da dala 40 ba tsaga za a ɗauka.

Daga 7 zuwa 10 ga Agusta za a yi gwanjon hanya mai lamba 127, wanda aka fara a 1987, yana bin mil 690 daga Addison ta Michigan zuwa Gadsden ta Alabama, ya ratsa yammacin Ohio. Dillalai sun yi yawa a manyan filayen da ake kafa rumfuna, kuma sun san farashi. Gidajen gona da ke tsakanin garuruwa za a fi tsayawa, ranar Alhamis da sassafe. Bayis za a sa a gaba. A buɗe shi har ƙarshe a ga ko sandar zamewa ta lanƙwashe, a rufe a ga ko muƙamuƙan sun haɗu daidai, a kifa shi a haska ƙarƙashi da bayan muƙamuƙin da ba ya motsi, inda ake yawan samun tsaga ko tsohon walda da aka rufe da sabon fenti. Juyi fiye da ɗaya na banza kafin muƙamuƙi ya motsa yana nuna notin ciki ya cinye, kuma na tsofaffin ƙira ba a samunsa a kasuwa. An ware masa dala 45.